Itatuwan Auta

"Ɗaga shi sama! Ƙara ɗaga shi, na ce!"

Mai Hoto ya murza makunnin da ke hannunsa, ɗan jirgin nan mara matuƙi ya ƙara lulawa yana ƙugi kamar an taɓo gidan zuma. Shugabar sashen awon daji ta fizge allon da ke nuna abin da jirgin ke ɗauka daga hannunsa, ta kare shi da gefen mayafinta saboda hasken rana. Ta duba. Ta goge shi da babban yatsa, ta sake dubawa.

Babu daji.

A bakin titi suke tsaye, ƙarƙashin wani gangamemen madaci mai inuwa kamar ɗaki. Hagu da dama itatuwa ne sun yi layi sun rufe ido. Amma allon ya nuna mata abin da ke bayan wannan layin: jar ƙasa da kututture, kututture da jar ƙasa, har inda sama ta haɗu da ƙasa. Sai nan da can wani ɗan koren dunƙule zagayayye, kamar an yi wa duniya aski an bar mata tukkaye.

"Madam, ko dai na'urar ce ta samu matsala?" in ji Mai Hoto.

"Na'ura tana zana kututture ne?"

Hoto kawai ya kawo ta. Da yamma za a ƙaddamar da rahoton da ta shekara tana haɗawa, rahoton da ya ce katakon jihar nan ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. A wurin taron Kwamishina zai sa hannu a ninka lasisin sarar itace, bisa lissafinta. Darakta ne ya ce yana son a haska kyakkyawan hoton daji daga sama a bayan Kwamishina, shi ne ta biyo Mai Hoto da sassafe don ta zaɓa da kanta. Rabonta da shiga daji tun da aka ba ta kujera da kwamfuta.

"Dogo!"

Shugaban masu shiga daji awo ya sauko daga mota yana kaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. Ta tura masa allon har ya kusa bugar masa hanci.

"Mene ne wannan?"

Dogo ya ƙanƙance ido, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga 'ya'yansa a hoto.

"Af, ai da'irarmu ce, Madam. Waccan ma tamu ce. Ga ta bakin rafi can, wadda rina suka kore mu bara. Kai, ashe haka suke da kyau daga sama!"

"Ina sauran dajin?"

"An sare."

"An me?"

"An sare, Madam. Sannu a hankali dai, ba rana ɗaya ba."

Ta dafa jikin motar.

Babu mai iya ƙirga itatuwan jiha guda ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ake zaɓen ɗaruruwan 'yan da'irori a warwatse, a binne turken ƙarfe a tsakiyar kowace, a riƙa komawa ana auna kauri da tsawon abin da ke ciki, sannan a ninka a samu na jiha. Duk aikin a kan sharaɗi ɗaya ya rataya: abin da ya samu daji ya samu da'ira. In zarto ya ci waje, ya ci ciki. Shi ya sa ba a gaya wa masu sara inda suke.

"Kullum kana ratsa wannan filin kafin ka kai da'ira," ta ce, "ba ka taɓa buɗe baki ka gaya min ba?"

"Ba ki taɓa tambayata waje ba, ranki ya daɗe. Tun ina sabon ɗauka aka ce mana idonka a cikin da'ira, abin da ke waje ba ruwanka, kar ka ɓata lissafi da ra'ayi. Ke da kanki kin maimaita mana a bita."

Gaskiya ne, ta maimaita. Ta tattare zanenta ta kutsa cikin layin itatuwan ba tare da ta jira kowa ba.

Kafin ta gama share ganyen da ya mari fuskarta har inuwar ta ƙare. Rana ta sauko mata a ka kamar an juye garwashi. Ta riƙa tsallake rassa da ramukan tayar tirela, takalmin ofis ɗinta yana nutsewa a garin katako, har ta isa dunƙulen farko. Tana shiga sanyi ya rufe ta, tsuntsaye suka kaure da kuka. Madatai ne da kirya, wasu ko mutum uku ba sa iya rungume su.

Kowanne da ɗamarar rawayan fenti daidai ƙirji, faɗinta ya kai tafin hannu, tana ƙyalli.

"Wa ya yi wannan?"

Dogo ya iso yana haki. "Mu ne. Don a riƙa sa tef ɗin awo wuri ɗaya duk zuwa."

"Ɗigo aka ce! Ɗan ɗigo a gindi, wanda sai an durƙusa za a gani!"

"Ɗigon nan da damina ɓacewa yake, Madam. Mu wuni muna neman da'ira kamar masu neman allura a rairayi. Shi ne muka zagaye su. Yanzu tun daga nesa kake hango abinka."

"Kai kaɗai ke da ido a jihar nan?"

Sai wata murya ta daka musu tsawa daga baya.

"Kai! Ku fito daga nan! Ke baiwar Allah, cire hannunki daga jikin itacen nan!"

Wani ƙaƙƙarfan mai sara ne, injin zarto a kafaɗa, gumi na zuba daga gemunsa. Ya tsaya cak a bakin inuwar, ko ƙafarsa bai bari ta shiga ba.

"Don me?" ta ce.

"Ba ki ga fenti ba? Itatuwan Auta ne."

Ta janye hannunta daga jikin itacen. A ma'aikata babu wanda ya san wannan sunan. A gidansu kaɗai ake kiranta da shi.

"Wace ce Auta?"

"Oho. Wasu sun ce aljana ce, wasu sun ce wata babba ce a gwamnati mai gani har hanji. Ni dai ban taɓa ganinta ba, ba na kuma fata. Dokar ƙungiyar masu katako ce: wanda ya taɓa mai rawaya, a karɓe injinsa, a kore shi daga sana'a. Ko itacen kusa za ka kayar, sai ka ɗaura masa igiya ka ja shi waje, kar ya goge su. Shugaba da kansa ya kafa ta."

"A wannan dajin kawai?"

Mutumin ya yi dariya. "Wane irin wannan dajin? Ko'ina a jiha. Ina ne ƙungiya ba ta da reshe?"

Ta juya ta nufi mota da gudu-gudu. Takalmi ɗaya ya maƙale a rami, ta bar shi nan.

Shugaban ƙungiyar masu katako yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, da zarton hannu ya yi ta sassaƙar rayuwa har ta gama jami'a. Ko yau, in ya ga ta yi tari, sai ya aiko mata da magani ofis.

Suka tarar da masana'antarsa tana ruri. Babban zarto na ihu, ƙurar katako ta yi hazo a rumfar, ma'aikata na tura gungume kan layin ƙarfe. Shi kuwa yana ɗan ofishinsa na gefe, gaban madubin da ya tsage, yana gyara zaman sabuwar hula.

"A'a, Auta! Amaryar taro da kanta? Ina takalminki ɗaya?" Ya leƙa ƙafarta ya tuntsire da dariya. "Ko gwamnati ta fara biyan albashi da ƙafa ɗaya-ɗaya?"

Ta turo ƙofa ta rufe. "Yaya, wace doka ka kafa a kan itace mai rawayan fenti?"

Ya ɗan ɓata fuska, irin ta wanda aka tona masa kyautar da yake ɓoyo. "Wane mai dogon baki ne ya gaya miki? Ban so ki sani ba."

"Kai ka kafa ta?"

"To wa zai kafa? Shekarun baya na tarar da yaranki suna shafa fenti, na tambaye su, suka ce na aikin Madam ne. Na ce to, ina raye, ina shugaba, wani ƙaton banza zai zo ya sa wa aikin ƙanwata zarto? A ce ta auna yau, gobe ta dawo ta tarar da kututture, a yi mata dariya a ofis? Wallahi mutum uku na kora a kan haka. Ɗaya ma ƙanen mai ɗakina ne, har yau ba ma ga maciji."

Ya faɗa yana buga ƙirji, yana jiran godiya.

"Yaya," ta ce a hankali, "so ake a sare su."

"Me?"

"So ake a sare su in an sare na kusa da su. Da su nake gane abin da ya rage a daji. In an bar su, ni a takarda sai in ga daji na nan lafiya, har ƙiba yake yi."

Ya dafe kai. Hular ta karkace, bai gyara ba.

"Tsaya, tsaya. Rahotonki na baya ya ce katako ya ƙaru."

"Itatuwan da ka hana a taɓa ne suka ƙaru."

"Amma ai... mu nan yankin mun san namu ya ja baya. Sai muka ce to, na sauran yankuna ne ya cika, tunda ga shi gwamnati ta auna. Su ma can..." Ya tsaya, bakinsa a buɗe. "Su ma can haka suke ce min. Kowa na cewa nasa ne kawai ya ƙare."

Ya leƙa ta taga. Gungumen da ake turawa bakin zarto bai fi cinyar mutum kauri ba.

"Inna lillahi," ya ce. "Shi ya sa suke zuwa kamar ƙafar kaza. Ni ina ta zagin direbobi."

Ta ɗora masa allon Mai Hoto a kan tebur. Ya kalla, ya zauna a kan kujera ba tare da ya duba ko tana nan ba. Wannan mutum da ba ta taɓa ganin hawayensa ba ko ranar jana'izar mahaifinsu, sai ga idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ni na yi wannan?"

"Da kai, da Dogo, da ni da na zauna a sanyin ofis ina ninka lamba. Yau kuma za a ninka lasisi."

"A ninka a sari me? Iska?" Ya miƙe zumbur, sai kuma ya kama hannunta. "Auta, tsaya. In kin tashi a taron nan kin faɗa, kin san abin da zai biyo baya? Yaran nan ba ni kaɗai suke tsoro ba. Sun ɗauka fentin nan idon gwamnati ne. Ranar da suka ji ba kowa a bayansa sai ni da ke, ga yunwa, ga injuna a hannu, kafin wata ya mutu ba sauran mai rawaya a tsaye. Su ne fa kaɗai manyan da suka rage."

"In na yi shiru kuma?"

Ya saki hannunta. Babban zarto ya ci gaba da ihu a waje.

"Ba ni aron takalmi," ta ce.

Da silifas ɗin wankan yayanta ta shiga zauren taro. An cika maƙil: ma'aikata, 'yan jarida, 'yan ƙungiyar katako a sahun baya da manyan riguna. An jera rahotonta a kan tebur an ɗaure da jan ƙyalle. Ta tare Darakta a lungun bayan dandamali, ta gaya masa a gurguje, ta nuna masa allon.

Darakta ya kalla, ya cire tabarau, ya mayar.

"Wa ya gani ban da ke?"

"Mai Hoto, da Dogo, da yayana."

"To, alhamdu lillahi. Bayan taro sai mu zauna mu kafa kwamiti."

"Yallaɓai, a taron za a sa hannu."

"Ke, kin san mutum nawa aka gayyato? Kwamishina ya riga ya haddace jawabinsa! Ki hau ki karanta abin da kika rubuta. Ke kika rubuta, ko ba ke ba?"

"Ni ce."

"To kar ki kwance wa kanki zane a kasuwa, ki haɗa da nawa."

Ya wuce yana murmushin da ya tanadar wa kyamara. Ta juya ta kalli Mai Hoto, wanda ke tsugune wajen na'urar haska bango yana haɗa waya.

"In na ɗaga hannu, ka saka abin da muka ɗauko da safe."

"Madam, ina da iyali fa."

"Ka ce ni na tilasta ka. Gaskiya ce ma."

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka yi tafi. Kwamishina ya zaro alƙalami ya cire murfinsa ya ajiye kusa da takardar lasisi, don masu hoto su shirya. Sai mai gabatarwa ya kira ta, ya ce ga gwanar lissafi da ta tabbatar mana arzikinmu na nan daram.

Silifas ɗin na ƙara fal-fal ta hau dandamali. Wasu suka fara ƙunshe dariya.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "rahoton nan kuskure ne. Na janye sa hannuna."

Ta ɗaga hannu.

Bangon da ke bayan Kwamishina ya cika da jar ƙasa. Jirgin na tafiya, kututture na wucewa, ba iyaka. Wata mata a sahun gaba ta saki salati da ƙarfi. Wani ɗan jarida ya hau kan kujera. Kwamishina ya waiwaya, ya daɗe yana kallo, wuyansa a murɗe.

"Wace jiha ce wannan?" ya tambaya.

"Tamu ce, ranka ya daɗe. Yau da safe."

"Waɗannan korayen fa?"

"Su muke aunawa. Su kaɗai aka bari, saboda an shafa musu fenti masu sara suna tsallake su. Duk abin da na rubuta, a kansu na rubuta."

Kwamishina ya dubi Darakta. Darakta ya dubi silin. A hankali Kwamishina ya ɗauki murfin alƙalamin ya rufe, ya sa a aljihu, ya ture takardar gefe da bayan hannu. Ya tashi ya fita ta ƙofar baya, masu tsaronsa na ture mutane.

Zaure ya rikice. Cikin hayaniyar wata murya ta taso daga sahun baya, a sarari, kamar mai tambayar farashi a kasuwa:

"Wato fentin nan ba na gwamnati ba ne?"

"Nawa ne!" Yayanta ya miƙe, hularsa a hannu, jijiyar wuyansa ta tashi. "Doka tana nan! Wanda ya fasa, ya gamu da ni!"

Ba wanda ya musa masa. Amma ta ga mutum biyu sun kalli juna, ta ga wani ya zaro waya ya nufi ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa.

Darakta ya biyo ta har matakala. "Gobe ki kawo min makullan ofis da bayani a rubuce. Kin kashe kanki, kin kashe ni."

"To, Yallaɓai."

Ta sauko farfajiya. Ba a sa hannu ba, wannan kaɗai ta iya riƙewa a kanta. Ta jingina da motar aiki, Dogo na tsaye nesa ya kasa haɗa ido da ita.

Wata doguwar baƙar mota mai lambar wata ƙasa ta shigo ta tsaya dab da ita, har ta tare mata hanya. Wani mutum ya fito, tsaf cikin kwat mai ruwan toka, amma takalmansa na shiga daji ne, sun sha laka. Ba ta taɓa ganinsa ba.

"Sannu da ƙoƙari, Madam. A waya na kalli jawabinki, muna hanya." Muryarsa a kwance take, ba fushi ko kaɗan. "Kamfaninmu ya gama kafa masana'antar katako a bakin iyaka, bisa rahotonki na baya. Injuna sun iso, ma'aikata sun tare da iyalansu. Tirelolinmu na bayana."

"Ka ji abin da na ce. Babu katakon."

"Na ji. Wannan maganar lauyoyi ce, suna tafe, ba ruwana da ita." Ya gyara hannun rigarsa. "Ni aikina in nemo itace duk inda yake, kuma ban taɓa komawa hannu rabbana ba. Korayen nan da kika haska a bango, guda nawa ne a jihar?"

Daga bakin titi ta ji ƙarar birki mai iska. Tirela ta farko ta tsaya a ƙofar ma'aikata, ta biyu na bayanta.